Ku Tambayi Likita: Inna ta zuba gishiri a shayi, an ce wai gigin tsufa ne

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka shigo wannan watan yawancinsu a kan tsofaffi ne da mantuwa, kamar haɗin baki, to sai na ce bari mu bar musu filin gaba ɗaya. Masu tambayar basir da na haihuwa ku yi haƙuri sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Kamar kullum na sakaya sunaye, wasu saƙonnin kuma na rage musu tsawo.

Tambaya: Salam Likita, dan Allah a taimaka min da shawara. Mahaifiyarmu ce, zata kai shekara 74, da can a ƙauyenmu take wajen Darazo, bayan rasuwar Baba sai yayanmu yace a dawo da ita Bauchi ta huta, to yanzu tana wajena, mun ba ta ɗaki mai banɗaki a ciki ga fanka ga talabijin, ko tsinke bama bari ta ɗaga. Amma tun bara muka ga ta canza. Zata tambaye ni yau wace rana in faɗa mata, kafin in kai bakin ƙofa ta sake tambaya. Rannan gishiri ta zuba a shayi ta sha abinta har rabin kofi. Kuɗinta zata ƙulle a tsumma ta tura ƙarƙashin katifa ko cikin kwalla, in ta nema ta rasa sai tace yarinyar da ke taya ni aiki ce ta sace, yarinyar har kuka take, sau biyu tana haɗa kayanta zata tafi. Sallah kuma wani lokacin azahar raka'a biyu zata yi, wani lokacin ta yi ta yi ba sallama. Tana da hawan jini tun da daɗewa amma ta daina shan maganin tace ai ta warke. Yayanmu yace gigin tsufa ne a ƙyale ta, Goggonmu kuma ta dage sammu ne aka yi mata tun a ƙauye. Ni dai na rasa tudun dafawa.
Maman Khalifa, Bauchi

Amsa: Wa alaikumus salam Maman Khalifa, Allah ya ba Inna lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Bari in fara da maganar yayanku, domin wannan "a ƙyale ta" ɗin ita ce ban yarda da ita ba ko kaɗan.

Tsufa yana zuwa da mantuwa, wannan ba musu. Tsohuwa ta manta inda ta ajiye carbi, ko ta jero sunayen jikoki uku kafin ta faɗo kan wanda take nufi, ba komai ba ne, anjima zata tuna da kanta. Amma wadda ta shekara sittin tana azahar raka'a huɗu yau ta rasa lissafinta, wadda ta tambayi abu aka ba ta amsa bai zauna ba ko na minti ɗaya, wannan ya wuce tsufa zalla, ciwo ne a ƙwaƙwalwa da muke kira ciwon mantuwa, kuma akwai ƴan shekara 90 da yawa da har suka koma ga Allah da hankalinsu garau suna ba da tarihin zamanin En'e. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ne ke da wannan ciwon a duniya, sama da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe irin namu masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici, kuma duk shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10. Kin ga ba Inna kaɗai ba ce, kuma ba ciwon Turawa ba ne kamar yadda wasu ke ɗauka. Wanda ya fi yawa a ciki shi ne wanda ake kira Alzaima, sunan wani likita Bajamushe da ya fara bayaninsa a 1906, shi ke ɗauke da kashi 60 zuwa 70. Amma a wajen Inna abin da ya fi tsaya min a rai shi ne hawan jinin nan da aka ajiye maganinsa.

Hawan jini ba a warkewa daga shi a ce an gama, danne shi ake da magani kullum, ranar da aka daina ya koma inda yake, kuma ba lallai kai ya yi ciwo ba balle a sani. Mu a nan in an ce hawan jini tunaninmu shanyewar ɓarin jiki, mutum ya faɗi baki ya karkace. To akwai wata ɓarnar da yake yi a ɓoye. Ƙwaƙwalwa cike take da ƙananan jijiyoyin jini, kamar hanyoyin ban ruwa a lambun rani, in hanya ɗaya ta toshe fangalin da take shayarwa sai ya bushe alhali sauran lambun yana nan kore, ba mai lura, sai an wayi gari fangali goma sun bushe sannan a ce me ya samu lambun nan. Haka ƙananan toshewar nan ke taruwa shekara da shekaru. Mai irin wannan sau da yawa za ki ga abin yana tafiya mataki-mataki, ya tsaya wata da watanni sannan ya sake gangarowa, tafiya ta yi nauyi, fitsari ya fara kufcewa. Abin da ya riga ya lalace ba ya dawowa, amma ana iya rage gudun ɓarnar, shi ya sa komawa kan magani ba wasa ba ne. Sai dai kar ki ɗauko tsohon katin ki je kemis ki sayo, a fara auna ta, domin tsoho in aka sauke masa jini da ƙarfi jiri zai kwashe shi ya faɗi ya karya ƙugu, an gudu ba a tsira ba.

Yanzu maganar da zata ɗan yi ɗaci, kuma ba laifi nake ɗora miki ba, kusan duk haka muke yi. A ƙauye Inna da asuba zata tashi, ta saki kaji, ta ba akuyoyi dusa, ta san wa ya haihu wa ya rasu, ta je barka ta je gaisuwa, a kawo mata ƙarar kishiyoyi ta sasanta, ranar kasuwa ta lissafa kuɗin ƙuli ko daddawarta har kwabo. Duk wannan aiki ne ƙwaƙwalwa ke yi. Lokaci guda ta rasa mijinta, ta rasa gidanta, ta rasa ƙawayenta, aka kawo ta ɗaki mai tayil aka kunna mata talabijin aka ja ƙofa, yara suna makaranta ke kina aiki, daga "Inna ina kwana" sai "Inna ga abinci". Mu muna ganin gata muka yi mata. Kaɗaici da zaman wuri ɗaya suna cikin abubuwan da bincike ya nuna suna da alaƙa da dusashewar ƙwaƙwalwa, ga kuma ciwon damuwa da ke bin bayan rashin miji, wanda shi kaɗai yana iya sa tsoho ya zama kamar ya ruɗe, kuma shi ana maganinsa. Wani lokacin ma ciwon ya riga ya fara tun a ƙauyen, sabo da wuri ne ya rufe shi, ƙafarta ta san hanyar rijiya ko ba tunani, da aka canza mata wuri sai asiri ya tonu.

Don haka ki ba ta aiki. Ki ajiye mata tabarma a tsakar gida inda ake hidima, ki miƙa mata wake ta tsince, ta gyara zogale, ta ɓare gyaɗa, ko da za ki sake bi a bayanta ki gyara ba tare da ta gani ba. In da wata tsohuwa a maƙwabta a riƙa haɗa su. A kira mata ƴan ƙauye a waya ta ji muryarsu. Da la'asar in rana ta yi sanyi jika ya riƙe hannunta su taka zuwa bakin layi su dawo.

Asibiti kuma ki kai ta, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) tunda kina cikin gari, ki ce kina son a duba mata mantuwa, in an tura ku ɓangaren likitocin ƙwaƙwalwa kar ki ji wani iri, ba cewa aka yi ta haukace ba. Ki je ke da kanki tunda ke kika san labarin, ba a haɗa ta da yaro ba, domin in likita ya tambaye ta cewa zata yi lafiya lau alhamdulillahi. Ki zuba duk wani magani da take sha a leda ki tafi da shi, har na gargajiya da na mura da na barci. Za a auna jini da suga, a yi mata ƴan tambayoyin gwada tunani, mai yiwuwa a ɗebi jini a duba ƙarancin jini da bitamin B12 da aikin ƙoda da sinadarin maƙoshi wanda in ya yi ƙasa yake sa mutum sanyin jiki da mantuwa, in da hali a yi hoton kai. Wasu daga cikin waɗannan in su ne sila ana gyarawa mutum ya dawo sosai. In kuma ya tabbata ciwon mantuwar ne, gaskiya zan faɗa miki, har yau ba maganin da ke warkar da shi, akwai irin su donepezil da kan ɗan taimaka wa wasu na wani lokaci, shi ke nan. Duk wanda ya ce miki yana da jarka ɗaya da zata wanke ƙwaƙwalwa kuɗinki yake so.

Batun sata: kar ki yi musu da ita, kar kuma ki tsaya kafa hujja, a ranta da gaske an sace, tunda ba ta tuna ta ɓoye ba. Ki ce "bari mu duba tare Inna", ki san wuraren ɓuyanta guda biyu ukun nan, ki bar mata ƙananan kuɗi a hannu manyan ki adana. Yarinyar kuma ki zaunar da ita ki yi mata bayani cewa ciwo ne, ki wanke ta a gaban mutanen gida, hakkinta ne. Sallah ki riƙa tsayawa kusa da ita tana binki, sauran hukuncin ki tambayi malamai, sun yi bayani a kan wanda hankalinsa ya gushe. Goggo kuma ba sai kin yi faɗa da ita ba, addu'a a ci gaba da yi, amma ranar asibiti ki roƙe ta ta raka ku ta ji da kunnenta.

Tambaya: Likita barka da aiki. Bappanmu shekararsa 68, tsohon hedimasta ne, mutum ne mai son hira da karatun jarida, da shi ake zama majalisa kullum bayan la'asar. Tunda ya yi ritaya abubuwa suka fara ja baya, yanzu ya daina fita majalisar gaba ɗaya, in ka yi masa magana sai ya kalle ka kawai ko ya ba ka amsar da ba ita ka tambaya ba, kace Bappa an kawo wuta yace wa ya mutu. Rediyo sai ya ƙure murya har maƙwabta na ji, kuma yana faɗa wai mu ne muke magana ciki-ciki. Jaridar ma ya ajiye. Ƙannena sun ce ya fara ruɗewa. Shin haka ne?
Ɗan Bappa, Pantami, Gombe

Amsa: Ɗan Bappa, kafin kowa ya ce Bappa ya ruɗe a kai shi a leƙa kunnensa. Mutumin da aka ce "wuta" ya ji "mutu", ya ƙure rediyo, yake zargin ku da magana ciki-ciki, wannan kunne ne ke magana. Kurumtar tsufa da sautuka masu kaifi take farawa, yana jin muryarka amma kalmomin sun cakuɗe, kuma a cikin taro inda mutum biyar ke magana lokaci ɗaya abin ya fi tsanani. To ka duba majalisa. Dattijo mai mutunci, hedimasta guda, ya ba da amsar da ba ita ba a yi dariya sau ɗaya sau biyu, ai ba sai an kore shi ba, da kansa zai zauna a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura 60 suna da rashin ji mai takura rayuwa.

Amma ba ina cewa ka kwantar da hankali ka bar shi ba. Akwai wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet a Ingila ke haɗawa, a rahotonsu na 2020 sun lissafa abubuwa 12 da ake iya gyarawa masu alaƙa da ciwon mantuwa, a 2024 suka ƙara biyu suka zama 14, suka ce in da za a kawar da su duka kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon ana iya kauce masa ko a jinkirta shi. Rashin ji yana sahun gaba a cikinsu. Biyun da aka ƙara su ne mugun kitse a jini da raunin gani da ba a yi maganinsa ba. Dalilin a fili yake, ƙwaƙwalwar da kunne ya daina kai mata magana, ido ya daina kai mata rubutu, mutum ya daina shiga mutane, ta rasa abin yi kenan ta ko'ina. Shi ya sa ajiye jaridar nan ma ya dame ni, a duba ido, in yanar ido ce aikinta ɗan lokaci ne ake cire ta, in tabarau ne a canza.

Ka kai shi ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa na tarayya da ke nan Gombe. Wani lokacin dattin kunne ne kawai ya daskare ya toshe, a wanke a ga mutum ya dawo, amma dan Allah ba da tsinken ashana ko gashin kaza ba. In an gwada an ga jijiyar ce ta yi rauni sai na'urar ƙara ji, tana da tsada kam, kuma dattawa da yawa suna jin kunyar maƙala ta, sai an yi ta lallashi, amma in kun haɗa kuɗi ku ƴaƴa ta fi sabuwar babbar rigar sallah amfani a wajensa. Kafin nan in za ka yi masa magana ka kashe rediyo, ka zo gabansa ya ga bakinka, ka yi a hankali, ihu ba ya ƙara komai sai ɓacin rai.

Sai ritaya. Mutumin da ɗaruruwan yara ke miƙewa in ya shigo, rana ɗaya ya koma jiran fansho, ba ƙaramin abu ba ne, maza da yawa ciwon damuwa ke kama su a nan kuma ba za su taɓa cewa "ina cikin damuwa" ba, sai dai ka ga ba ci, ba barci, ba fita, ga saurin fushi. A gaya wa likita wannan ma. Iliminsa kuwa jari ne, masu karatu ƙwaƙwalwarsu ta fi jure wa ɓarna kafin alamu su fito, to a yi amfani da shi, a turo masa yaran layi ya riƙa duba musu aikin gida, ko a sa shi cikin kwamitin Islamiyya. In an gyara kunne da ido wata uku huɗu ya wuce har yanzu yana ɓata a hanyar masallaci ko lissafin kuɗi ya gagare shi, sannan a koma a yi gwajin ƙwaƙwalwa.

Tambaya: Likita taimako. Dadarmu ce kwana uku kenan ta birkice, kafin nan lafiya lau har tuwo ta tuƙa, yanzu ba ta gane mu, tana magana da mutanen da suka rasu, tana fizge zani, da rana ta yi ta barci da dare ta hana kowa sakat. Tana da ciwon suga tana shan Daonil, ga zafin nan ba ta cin abinci sosai. An kira mai ruƙiyya yace iska ce. Ko irin ciwon mantuwar nan ne ya kama ta?
Jikar Dada, Bajoga

Amsa: Wannan saƙon a ranar da ya shigo na amsa shi ta waya, ina sa shi a nan ne don sauran jama'a. Ciwon mantuwa ba ya zuwa a kwana uku, wata da watanni yake ɗauka yana rarrafe. Tsohon da ya birkice farat ɗaya wani ciwo ne a jikinsa ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma na gaggawa ne, asibiti a ranar, ba gobe ba. Ciwon sanyin mafitsara yana yin haka, maleriya tana yi, ciwon huhu yana yi, kuma tsoho yana iya ɗauke da duk waɗannan jikinsa bai yi zafi ba. Ƙarancin ruwa a jiki a watan Maris da Afrilu yana yi, domin tsofaffi ba sa jin ƙishi kamar mu, sai an miƙa musu. Faɗuwa ma, ko an yi sati uku da ita an manta, jini na iya taruwa a hankali a cikin ƙoƙon kai.

A wajen Dada kuwa abin da ya fi ba ni tsoro suga ne. Daonil yana sauke suga ko an ci abinci ko ba a ci ba, tsohuwa ta sha shi ta ƙi tuwo, sugan ya faɗi, in ya yi ƙasa da 70 a na'urar gwaji an shiga haɗari, in ya daɗe a haka yana iya lalata ƙwaƙwalwa ko ya yi kisa. In tana iya haɗiya a dama suga cokali uku a ruwa a ba ta nan take a kama hanya, in ba ta cikin hayyacinta kar a ɗura mata komai a baki. Masu tsofaffi masu suga ku riƙe wannan musamman lokacin azumi, a je a ga likita tun kafin watan ya kama. Addu'a kuma ba wanda ya hana, a yi ta a cikin mota ana tafiya.

Tambaya: Likita ni shekarata 34, kakata ta wajen uwa ta yi wannan ciwon kafin ta rasu, ni kuma yanzu mantuwa ta min yawa, in shiga ɗaki in manta me na zo ɗauka. Gado ne?
M. daga Azare

Amsa: Malam M., irin wanda ake gada kai tsaye daga iyaye bai kai kashi 1 cikin 100 na masu Alzaima ba, kuma a irin waɗannan gidajen tun ana shekara 40 ko 50 yake bayyana, mutum bayan mutum. Kaka ɗaya da ta yi shi a tsufanta ba hukunci ba ne a kanka. Mantuwar ɗan 34 yawanci rashin barci ne da tunanin rayuwa da latsa waya har ƙarfe biyun dare, in kuma ana taɓa tiramol ko kodin to ga amsa nan.

Amma tambayarka ta zo a kan gaɓa, domin abin da ke cin ƙwaƙwalwa a 70 tun a 40 ake shuka shi. Akwai binciken da aka fara a 1992 aka kwatanta tsofaffin Yarbawa a Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indiyanafolis a Amurka, sakamakon da ya fito a 2001 ya nuna sababbin masu kamuwa a Ibadan ba su kai rabin na can ba, kuma cikin abubuwan da masu binciken suka lura da su har da ƙarancin hawan jini da suga da kitse a jinin mutanen Ibadan na lokacin. Mu kuma yanzu can muka nufa, lemon kwalba, maggi da gishiri, daga mota sai kujera. Ka riƙa auna jininka, in yana kai 140 bisa 90 ka ga likita, ka bar sigari in kana sha, in kana hawa mashin ka sa hular kwano domin bugun kai yana cikin jerin abubuwa 14 na Lancet da na ambata a sama, uwargida kuma a fitar mata da murhun icce waje ta daina shaƙar hayaƙi a rufaffen kicin.

Tambaya: Likita kakar mijina ce, an riga an tabbatar mana a asibiti ciwon mantuwa ne. Matsalar da magariba ta yi sai ta ɗaure kayanta tace zata tafi gida wajen babanta, wanda ya rasu tun kafin a haifi mijina. Sau biyu tana ficewa, na ƙarshe a wani layi aka tsince ta da dare ba ɗankwali ta shiga gidan mutane, yara suka biyo ta suna mayya mayya. Mijina yace a riƙa kulle ta a ɗaki ko a sayo maganin barci. Ni kaɗai ke kula da ita ga goyo, ƴaƴanta suna nan da ransu sai dai su turo kuɗi, wallahi na gaji har ina jin tsoron abin da zan yi mata wata rana.
Maman Biyu, Bauchi

Amsa: Sannu Maman Biyu, sannu da ƙoƙari, kuma faɗin da kika yi kin gaji ba rashin imani ba ne. Tashin hankalin magariba sananne ne a wannan ciwon, haske na raguwa ruɗewa na ƙaruwa. Sabon abu ya goge a kanta, tsohon ne ya rage, a lissafinta ita yarinya ce dare ya yi mata a gidan mutane. In kika ce "Babanki ai ya rasu" kin yi mata sabuwar mutuwa, gobe ma ki sake. Ki ce "to Kaka bari a idar da sallah, ga kunu sha tukuna", ki tambaye ta labarin gidan nasu, sau da yawa kafin ta gama ba ki labari tafiyar ta wuce. A kunna fitila tun kafin duhu, a rage mata barcin rana, a fita da ita ta taka da la'asar.

Kulle ta ita kaɗai a ɗaki ban goyi baya ba, tsoro zai ƙaru, zata yi ta dukan ƙofa, in gobara ta tashi kuma fa. Ƙofar gida ake tsarewa, a sa sakata can sama inda idonta ba ya kaiwa, a rataya ƴar ƙararrawa. A rubuta sunan unguwa da lambar mijinki a ƙyalle a ɗinke a jikin rigunanta. Maganin barci na kemis, irin su Valium da Piriton, a tsofaffi ƙara ruɗewa suke da faɗuwa, in abin ya gagara a koma wajen likitan da ya gan ta shi zai san abin da ya dace da kuma ɗan adadin.

Maganar "mayya" kuwa kar ku ɗauke ta wasan yara, tsofaffi mata masu wannan ciwon an sha dukansu a kan irin wannan zargin. Ɓoye ta ba zai kare ta ba. Mijinki ya je wajen mai unguwa da limamin masallacinku ya yi musu bayani, a sanar bayan sallah cewa Kaka ba ta da lafiya duk wanda ya gan ta a hanya ya riƙo hannunta ya kawo ta gida, masu shago da ƴan acaɓan bakin layi su ma a gaya musu.

Ke kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 70 cikin 100 na awannin da ake kashewa wajen jinyar masu wannan ciwon mata ne ke yi, a nan kuwa mun san galibi matar ɗa ce ko matar jika. Kuɗin da ake turowa ba ya wanke zani ba ya tashi da dare. Tunda har kin fara jin tsoron kanki, wannan maganar ta wuce a bar ta sai an samu lokaci, ki gaya wa mijinki kamar yadda kika gaya min, ya tara iyayensa da ƴan uwansu a cikin satin nan. Ba a so a riƙa yawo da Kaka gida-gida domin canjin wuri yana ƙara rikita ta, su ne za su riƙa zuwa, a raba kwanaki a rubuta, wadda ba zata iya zuwa ba ta biya mai taya ki, kuma a ware miki aƙalla yini ɗaya a sati da za ki fita ki je gidanku. Ranar da kika ji ranki ya kai wuya ki tabbatar ba abin da zai ji mata ciwo a kusa, ki fita tsakar gida ki kira wani ya karɓe ki.